Matakai Tara Na Kauce Wa Tara, Daga Bakin Wanda Ya Ɗauki Muzuru Aiki

Ɗan'uwana mai ba da shawara kan haraji, na san halin da kake ciki. Tun ranar da sabuwar dokar nan ta fito abinci ya daina yi maka daɗi, ƙarar takalmi a matakalar ofis tana sa ka miƙe tsaye ba shiri, har masinjan hukuma ka fara gaisarwa da hannu biyu. Kwantar da hankalinka. Idan ka bi matakan nan tara, ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawarin ba tara, ba dakatarwa, ba ganin sunanka a jarida. Ni da kaina na bi su, kuma bakwai da rabi daga ciki sun tafi yadda aka tsara.

Shekarata goma sha tara a wannan sana'a. Ofishina ɗaki biyu ne a saman wani kemis, da fanka ɗaya, da kabad na ƙarfe mai aljihu huɗu, da sakatariya ɗaya wadda ta girme ni da shekara shida kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

Mataki na ɗaya: Karanta dokar, amma a zaune

A da sana'armu akwai albarka. Ka ba mutum shawara, ya biya ka. Idan hukumar haraji ta kama shi, shi za a ci tara, kai kuma ka je ka yi masa jaje, sannan ya sake biyanka ka rubuta masa takardar neman sassauci.

Yanzu an sauya. Hukuma na iya shigowa ofishinka a kowace ranar aiki ba tare da ta aiko ba. Tana iya buɗe kabad, ta kwashi fayil, ta ba ka rasit. Idan ta gano kai ka kitsa wa mutum dabarar da ya bi, kai za a ci tara, a dakatar da lasisinka, a buga sunanka a cikin jerin da matarka da maƙwabtanka da wanda kuka yi faɗa tun firamare duk za su karanta.

Kada ka karanta wannan a tsaye. Ni Sakatariya ce ta karanta min, ina zaune, da kofin shayi a gabana. Da ta zo jimlar da ke cewa "duk mai ba da shawarar da ya taimaka da saninsa", sai ta tsaya, ta sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci, ta dubi aljihun kabad na can ƙasa. Ni ma na dube shi. Shayin nan a wurin ya huce.

Mataki na biyu: Gano fayil ɗin da zai ci ka

Kowannenmu yana da guda. Kada ka ɓata lokaci kana musu. Nawa na surukina ne.

Mahaifin matata yana da gidan burodi: tanda biyu, sito ɗaya, ma'aikata bakwai. Mutum ne mai jin nauyin hukuma irin na mutanen da. Ko takardar kuɗin ruwa aka kawo masa, sai ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Bai yi boko ba. Yawan buhunan fulawarsa a kansa yake, amma takarda sai an nuna masa inda zai sa hannu.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ɓeraye suka addabi sitonsa. Ya samo wani ƙaton muzuru mai kunne ɗaya da rabi, cikin wata guda ya gama da su. Ranar da na je haɗa takardun shekara, Baba ya tambaye ni cikin jin nauyi ko kifin gwangwanin da yake saya wa muzurun zai iya shiga cikin kuɗin gudanar da sana'a, waɗanda ake cirewa kafin a yanka haraji. Tambaya ce ƙarama, amsarta "e, Baba", shi ke nan. Amma a lokacin ina cikin shekarun da nake so suruki ya san 'yarsa ba ta faɗa hannun banza ba. Na gyara zama, na ce masa kifin gwangwani ai wasan yara ne. Wanda ke gadin sito dare da rana ma'aikaci ne, ma'aikaci kuwa albashi ake ba shi. Baba ya tambaya ko hakan ba laifi. Na ce masa ni na yi karatun, ya bar min.

Haka M. Muzuru, mai gadin sito, ya shiga jerin ma'aikata. A shekara ta biyu na sa masa alawus na gida, duk da a kan buhu yake kwana. A ta uku na yi masa ƙarin girma zuwa babban mai gadi, domin mutum ya daɗe a mataki ɗaya yana jawo tambaya. A ta huɗu ya ci wani ɓera da ya ci guba, aka binne shi a bayan tanda.

Cire ma'aikacin da ya rasu yana buƙatar fom da takardar shaidar mutuwa daga asibiti. Na ce a bari sai baɗi. Baɗi bakwai ke nan. Kuma gaskiya tun rasuwarsa aikinsa ya ƙara kyau: bai taɓa makara ba, bai nemi hutu ba, kowane wata kuma ana cire ɗan harajinsa a kai wa hukuma a kan kari.

Mataki na uku: Daina ba da shawara, amma kada ka rufe ofis

Dokar masu ba da shawara take nema. Saboda haka ka daina zama ɗaya daga cikinsu. Kira mai fenti ya shafe allonka. Ni nawa ya koma "Mai Sauraron Al'amuran Haraji". Sauraro ba laifi ba ne a kowace doka da na sani.

Tanadi jimloli uku, ka riƙa juya su: "haka wasu ke cewa", "abin yana da fuskoki", da "to, kai ka ga". Wani tela da ya yi shekara goma yana zuwa wurina ya tambaye ni ko zai sa sabon kekensa a takardun bana ko na baɗi. Na ce abin yana da fuskoki. Ya ce fuska nawa. Na ce haka wasu ke cewa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambayi Sakatariya a hankali ko an kai ni asibiti.

Kula da wuyanka. Bayan telan ya fita Sakatariya ta sanar da ni cewa sau biyu na gyaɗa kai lokacin da ya ambaci baɗi, kuma a fahimtarta gyaɗa kai shawara ce. Na sauka kemis na sayi abin nan mai tauri da ake ɗaura wa wanda ya yi haɗari a wuya. Daga ranar ba gyaɗawa, ba girgizawa. Duk wanda ya shigo sai ya fara yi min sannu, kafin a gama jajen lokacinsa ya ƙare, ya biya kuɗin zama ya tafi. Binciken da na gudanar a kaina ya nuna cewa mutum mai ciwo a wuya ana ganinsa da ilimi fiye da mai lafiya.

Ka kai wannan horo har gida, domin harshe ba ya sanin ofis ya tashi. Maman yara ta tambaye ni labule shuɗi ko kore za a saya wa falo. Na ce to, ke kin ga. Ta ce ta gani sarai, ta saya duka biyun da kuɗina.

Mataki na huɗu: Kada ka ƙona fayil, ka ba shi yawo

Sabuwar doka ta ninka tarar wanda ya lalata takarda. Amma ba ta ce komai a kan takardar da ta fita shan iska ba.

Na ɗauke fayil ɗin Baba na sa shi ƙarƙashin tayar sifiya a but ɗin mota. Kwana biyu sai na tuna ana satar mota. Na kai shi gida na sa a saman firji, a ƙarƙashin tire. Washegari na tarar da autarmu tana zana gida a bayan shafin alawus. Daga nan na yanke shawarar ba wurin da ya fi jikina aminci. Na ɗaure shi a cikina da bel, a ƙarƙashin riga. Da abin wuya a sama da fayil a ƙasa, na koma ba na iya lanƙwasa ta kowane ɓangare. Idan biro ya faɗi, sai in bar shi.

Na yi kwana tara a haka. Ranar na goma Sakatariya ta ajiye min shayi, ta tsaya, ta ce tana da tambaya idan ba zan ji haushi ba. Ta ce wa nake ɓoye wa fayil ɗin. Na ce hukuma mana.

"Yallaɓai," ta ce, "ai kwafi ne. Ainihin takardun mu muka aika musu. Sau goma sha ɗaya, da hatiminka."

Mayar da fayil ɗin kabad. Zai ɗan yi warin gumi, amma wannan ba ya cikin laifukan da aka lissafa.

Mataki na biyar: Sallami ma'aikacin

Wannan ya fi sauƙi a baki. Na zauna da Sakatariya muka bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Murabus yana buƙatar wasiƙa da sa hannun ma'aikaci. Ritaya tana buƙatar ya je da kansa a ɗauki hotonsa don fansho. Kora tana buƙatar takardun gargaɗi uku, kuma ta yaya za ka gargaɗi mutumin da kai da hannunka ka rubuta "ba shi da na biyu" a rahotonsa shekara goma a jere? Na kawo shawarar a ce ya gudu. Sakatariya ta ce to sai an kai rahoto wurin 'yan sanda, su kuma za su nemi kamanninsa: tsawo, launi, wata alama a jiki. Ta tambaya ko zan rubuta kunne ɗaya da rabi.

Muna cikin wannan Baba ya aiko da wata wasiƙa da aka kai gidan burodi. Daga hukumar haraji ce, zuwa ga M. Muzuru. Sun tace sunayen ƙananan ma'aikata, sun zaɓo goma sha biyu waɗanda ba su taɓa jinkirin biyan haraji ba ko da kwana ɗaya cikin shekara goma, kuma shi ne na uku. Ana gayyatarsa ya zo da katin shaidarsa ya karɓi allon yabo.

Darasi a nan shi ne, idan za ka yi ƙarya, kada ka yi ta da tsafta har a lura.

Mataki na shida: Nemi wanda zai tsaya a madadinsa

Ka zaɓi mutum mai jiki irin na gadi, marar yawan magana. A gidan burodin akwai mai kwaɓa fulawa, ana ce masa Ƙarfe, damatsansa kamar turmi, shekara takwas yana aiki ba wanda ya taɓa jin ya haɗa jimla uku. Na ja shi bayan sito na yi masa bayani: zai sa riga mai kyau, ya amsa sunan Muzuru, ya karɓi allo, ya ce na gode, ya dawo. Ya yarda nan take.

Kuskuren da za ka guje wa shi ne ba shi takardar albashi don ya haddace. Ƙarfe ya iya karatu, abin da ba wanda ya gaya min. Ya bi takardar da yatsa har ƙasa, ya koma sama, ya sake bi. Sannan ya tambaye ni ko wannan Muzurun shi ne wanda ya taimaka aka haƙa wa rami a bayan tanda. Na ce abin yana da fuskoki.

"Shekara takwas ina kwaɓa fulawa," ya ce, "mage ta fi ni albashi. Har da kuɗin gida."

Bai ɗaga murya ba. Ya wanke hannu, ya cire rigar aiki, ya zauna a kan benci. Sauran ma'aikatan shida suka zo suka ji dalili, su ma suka zauna. Ranar ba a gasa ko ɗan burodi ɗaya ba. Buƙatarsu guda ce: a daidaita kowa da marigayin. Baba ya tsaya a tsakar wurin, fulawa tana kumbura a kwano tana zubowa, yana kallona, ni kuma ba na iya ko sunkuyar da kai saboda abin wuya.

Kafin la'asar ya yi musu ƙarin. Na koma wurin Ƙarfe na ce to sai maganar allo. Ya ce ya yi tunani, shi ba ya iya ƙarya a gaban hukuma, amma yana min godiya ƙwarai da gaske.

Ranar bikin yabo kujera ta uku ta zauna ba kowa.

Mataki na bakwai: Nesanta kanka daga mai fayil

Ga inda ake gane gwani. Dokar ta raba laifin gida biyu. Idan ɗan kasuwa ne ya yaudari mai ba shi shawara, ɗan kasuwa zai biya ninki biyu, ana iya rufe masa wurin sana'a. Idan mai shawara ne ya kitsa, shi zai ɗauka. Ba a raba wa mutum biyu. Ɗaya ne zai fita da kaya a ka, aikinka ka tabbatar ba kai ba ne.

Rubuta jawabinka ka haddace. Nawa gajere ne: an kawo min jerin ma'aikata, na karɓa da zuciya ɗaya, ban taɓa shiga sito ba, kuma akwai mutane masu suna iri-iri a duniya. Na riƙa maimaita shi a mota, a banɗaki, a layin banki.

Rage zumunci. Na daina biyawa ta gidan burodi da safe. Idan Baba ya kira, Sakatariya ta ce ina taro. Sau ɗaya na hango shi a bakin titi yana ɗago min hannu, na yi kamar ban gani ba, abin wuyan ya taimaka.

Abin da ba zan ɓoye maka ba, wannan matakin a gida yake tsada. Maman yara ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi. Wata safiya ta ji ni ina maimaita jawabin a gaban madubi, ta tsaya a bakin ƙofa da tawul a hannu har na kai ƙarshe.

"Abban yara," ta ce, "Baba bai taɓa sa hannu a wurin da ba yatsanka ne ya nuna masa ba."

Ta ajiye tawul ɗin ta fita. Abincina ya ci gaba da zuwa a kan lokaci, a rufe, da zafi, ba tare da mai kawowa ta zauna ba. Ka daure. Gishiri ma za ka riƙa ɗauko wa kanka.

Mataki na takwas: Ranar da suka zo, kada ka kalli hannun surukinka

Ranar Talata ce, ƙarfe goma da rabi na safe. Na yi zaton mutum biyar da mota mai jiniya. Mace ɗaya ce ta hawo matakala, 'yar siririya, da jaka, da takalmi marar tsini. Ta yi sallama, ta nuna katinta, ta yi min sannu da wuya, ta nemi fayil ɗin gidan burodi. Ta ce ta riga ta aika a kira mai shi. Sakatariya ta miƙa mata fayil ɗin, jami'ar ta ɗan shinshina shi.

Baba ya iso da rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, da burodi biyu a leda, domin bai san zuwa wurin mutane hannu sake ba. Jami'ar ta gode, ta ce doka ba ta bari ta karɓa. Ya rasa inda zai sa ledar, ya ɗora ta a cinya.

Ta fito da allon yabo daga jaka ta ajiye a tebur. Ta ce ita ce ta tace sunayen, kuma cikin mutum goma sha biyu wannan kaɗai bai zo ba, bai aiko ba, ba shi da lambar waya, ba shi da hoto. Ta tambayi Baba ina M. Muzuru yake.

Baba ya ce ya rasu.

Ta ajiye biro, ta yi masa ta'aziyya sosai, ta tambaya ko ya bar iyali. Baba ya ce da yawa, kusan duk layin bayan gidan burodi nasa ne. Ta tambaya yaushe abin ya faru, ya ce shekara bakwai ke nan. Biron da ta ɗauka ya tsaya a iska. Ta tambaya yana da shekara nawa a duniya. Baba ya yi lissafi da yatsu ya ce kamar shida.

Sakatariya ta tashi ta kashe fanka. Har yau ban san dalili ba.

Jami'ar ta rufe fayil ɗin a hankali. Ta ce ta fahimta. Ta bayyana mana dokar, gida biyun nan, da abin da ke jiran kowane gida, har da rufe gidan burodi. Sannan ta ce tambaya ɗaya ta rage mata: dabarar wa ce?

Jawabina yana bakina, a shirye. Na ja numfashi. Baba ya riga ni.

"Tawa ce, 'yata. Ni na kawo masa sunan a cikin na mutane. Yaron nan bai taɓa ganin muzurun ba. Yana da 'ya'ya huɗu, wannan aikin ne kaɗai gare shi. Ni na tsufa, a rufe nawa."

Ba wanda ya koya masa. Kusan kalma da kalma jawabina ne, sai dai daga ɗaya gefen. Abin da ya rage min kawai in yi shiru na minti biyu, in fita da lasisina.

Jami'ar ta ce to madalla, ta buɗe fayil ta tura masa, ta ce ya nuna mata shafin da aka fara shigar da sunan. Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya shafa aljihu yana neman tabarau, shi da bai taɓa mallakar tabarau ba. Ya buɗe wani shafi, ya ɗora yatsa a kan wani layi, ya ce ga shi nan. Layin kuɗin wutar lantarki ne. Akwai fulawa a gefen farcen, da tabon ƙuna na tanda a bayan hannun.

Na gaya maka kada ka kalla. Ni na kalla.

Na kwance abin wuyan na ajiye a tebur kusa da allon yabo. Na ce, "Ranki ya daɗe, shafi na huɗu ne. Rubutuna ne. Shi kifin gwangwani kawai ya tambaya."

Baba ya ce in yi shiru manya na magana. Na ce a gafarce ni, yau ɗaya. Jami'ar ta buɗe shafi na huɗu, ta dubi rubutun, ta dubi sa hannuna a rasit ɗin karɓar fayil da ta ba ni ɗazu, ta fara rubutu. Ta ce ta lura wuyana ya warke.

Mataki na tara: Idan na takwas ya kufce maka, koyi zama

An ci ni tarar da ta cinye motata har da tayar sifiya. An dakatar da lasisina wata shida. Baba zai biya harajin da aka rage masa a hankali, ba ninki, ba rufewa. Allon yabon kuwa jami'ar ta bar shi, ta ce an riga an sassaƙa suna, mayar da shi siton hukuma kuma yana buƙatar fom mai shafi tara.

Sunana ya fito a jarida ranar Litinin, da dalili a layi ɗaya: sanya dabba a jerin ma'aikata tsawon shekara goma sha ɗaya. Na zauna a ofis na rufe ƙofa ina jiran kunya ta iso. Abin da ya iso layi ne. Tun daga ƙofata har bakin kemis mutane ne, kowa ya ji labarin gwanin da ya riƙe mage a albashi shekara goma sha ɗaya, bakwai daga ciki a kabari. Wani mai kanti ya zo da aku a keji yana so a sa shi mai karɓar baƙi. Wata mai gidan kaji tana tambaya ko zakara zai iya zama manaja. Wani bai kawo dabba ba, amma ya ce yana da janareto da ya fi duk ma'aikatansa ƙoƙari. A shekara goma sha tara ban taɓa ganin kasuwa irin wannan ba, kuma ba ni da ikon ce wa ko ɗaya uffan. Sakatariya ce ke sallamarsu, ɗaya bayan ɗaya, tana ce musu su je su biya abin da aka ce su biya.

Yanzu a bas nake zuwa aiki, in zauna, in sha shayi, in koma. Baba bai taɓa tayar da maganar ba. Da na je in ba shi haƙuri, ya bar ni na durƙusa na gama, sannan ya ce in tashi in riƙe masa bakin buhu. A gida kuma, ranar da jaridar ta fito, Maman yara ta kawo abinci, ta ja kujera ta zauna. Ta ce sun yi kuskure a harafi ɗaya na sunana, ko za a rubuta musu su gyara.

Sanarwa

Abin da ka karanta ba shawara ba ne. Ba zai yiwu ya zama shawara ba, domin an dakatar da ni, kuma a idon doka a halin yanzu ba ni da baki. Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya rasa mota, ko lasisi, ko zaman lafiyar gidansa, ko ya samu ciwon wuya na gaske, shi ya jiyo, ba ni ba, ba Sakatariya ba, ba mai kemis ba. Ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba, kada ka ambaci sunana.

Sannan adalci ne in sanar da kai abu ɗaya kafin ka fara. Jami'ar nan ta ji ina rubutu, ta aiko a rubuce, cikin ladabi, tana neman kwafi. Na aika. Saboda haka duk dabarar da ke cikin takardar nan ta riga ka karantawa. Ta mayar min da ita da jan biro a wuri uku, ta ce mataki na huɗu ne ya fi ba ta dariya, kuma tana so ta san ko akwai wanda ya nemi kwafi bayan ita.